Sati na 9 da koyon Turanci: yadda cash ta ba ni kunya a Sabon Gari

Salam 'yan'uwa masu fama da Turanci irina. Wannan satin kalma ɗaya tal na riƙe, cash, kuma wallahi har yanzu ban gama da ita ba.

Abin da ya jawo, ranar Talata na shiga Sabon Gari neman cajar waya, mai shagon ba ya jin Hausa sosai sai na ce to yau ga ranar gwaji. Ya faɗi kuɗin na ji ya fi ƙarfin aljihuna, ina so in ce masa ba ni da kuɗi sai na ce "I don't have cash". Bawan Allah ko gezau, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya zaro POS ya ce "no problem, transfer or card". Na tsaya ina sosa ƙeya. Ashe ni duk zamana cash da money abu ɗaya na ɗauke su, alhali cash tsabar kuɗi ce, takarda ko kwabo da za ka taɓa da hannu, money kuwa ya haɗa har da wanda ke kwance a akawun. Da "I don't have enough money" na ce da ya gane talauci ne ke magana. Na dai sayi cajar, kunya ta sa.

Da na dawo gida na buɗe ƙamus na cika shafi biyu a littafina. Ita kalmar cash ba a ƙirga ta, babu wani "many cashes", sai dai some cash ko a lot of cash, mu da muka saba da kuɗi da kuɗaɗe bakinmu kullum yana ƙaiƙayin ƙara mata jam'i. Amma tana zama aikatau, cash a cheque shi ne ka kai cak banki a ƙirgo maka a hannu, a nan kam za ka ga "he cashes" kuma daidai ne.

Asalinta ma akwati ne fa, akwatin ajiye kuɗi, dangin caisse ta Faransanci da cassa ta Italiyanci, daga baya sunan ya koma kan abin da ke cikin akwatin. Kashiya da muke faɗa a banki duk gidansu ɗaya. Mutanenmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, wato bokon Faransanci, ba sai an gaya musu ba.

Wadda ta fi burge ni cash cow, na yi ta dariya ni kaɗai don ai saniyar tatsa ce tamu sak, harkar da kullum take kawo kuɗi ba wahala. Cash crop kuma amfanin gona da ake nomawa don sayarwa, kamar gyaɗa da auduga zamanin dalar gyaɗa a Kano, ba geron da za a zuba a rumbu ba. Petty cash ɗan kuɗin da ake ajewa a ofis na siyan biro da ruwa. Cash crunch da cashless ba sai na fassara ba, duk wanda ya bi layin ATM a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya san ma'anarsu a jikinsa.

Saura furuci. Ina ta naɗar muryata a waya ina saurare, don wani lokaci catch take fitowa. Dabarar da na samu, in faɗi kash ɗinmu na takaici, wanda dama shi nake faɗa idan na laluba aljihu. Kuma cache ɗin nan da kuke gogewa a waya idan ta cika, ita ma haka ake kiranta, ni shekara da shekaru "kace" nake ce mata.

Sati mai zuwa in sha Allahu change zan kama, don na lura canjin mai shago da na 'yan canji a Wapa ba kalma ɗaya Bature yake ba su ba a ko'ina.