Tarihin B.B. King, kashi na huɗu: watanni goma a ɗakin Bukka White

Makon jiya mun tsaya a 1946, inda Riley, wato B.B. King da sunansa na asali, ya karya salansar tarakta a gonar audugar da yake aiki kusa da garin Indianola a jihar Mississippi ta Amurka, tsoro ya kore shi zuwa Memphis. Can ya sauka wurin kawunsa Bukka White, makaɗin jita, ɗan uwan mahaifiyarsa Nora Ella, ya yi kusan wata goma.

Abu biyu ya samo a ɗakin nan. Na farko magana ce: Bukka ya ce masa mutane na raina makaɗin bulus (blues, salon kiɗan baƙar fatar Amurka), don haka kullum ya yi shiga kamar mai zuwa banki neman rance. Har Riley ya rasu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu 2015 bai saki wannan magana ba.

Na biyu kuwa abin da ya gagare shi ne. Bukka yana zura ɗan bututun ƙarfe a yatsa, ya riƙa jan sa a kan tsirkiya har jita ta yi kuka kamar mutum. Riley ya gwada ya gwada, hannu ya ƙi. Sai ya nemi wannan kuka da yatsa tsirara. Zai danne tsirkiya da manuniya, ya ɗage babban yatsa daga bayan wuyan jita, sauran yatsu a sake, sannan ya karkaɗa hannun daga wuyan hannu, da sauri amma kaɗan kaɗan. Masu koyo a nan suke faɗuwa: suna damƙe wuyan jita, su tura tsirkiya da ƙarfin yatsa, sai sauti ya zarce inda ake so, ya fito a karkace.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa sirrin yana jikin jitarsa Lucille. Wace Lucille? Ta farko jitar dala 30 ce, wadda ya koma cikin gobara ya ɗauko a Twist, jihar Arkansas, a hunturun 1949, bayan maza biyu sun kifar da gangar kananzir suna faɗa kan wata mace mai wannan suna. Bayanta an yi Lucille da yawa. Ita samfurin ES-355 ta kamfanin Gibson ma sai da ya riƙa cusa tsumma a ramukan jikinta don kada ta yi kururuwa kusa da lasifika, kafin Gibson ta ƙera masa marar rami a 1980. Jita ta sauya, sautin bai sauya ba.

Bayan watanni goman nan Riley ya koma gona ya biya kuɗin taraktar nan, bai bar bashi a baya ba. A 1956 ya yi wasa sau 342 cikin shekara ɗaya, kwat a goge kowane dare, kamar mai zuwa bankin da Bukka ya faɗa.

Mako mai zuwa sai gidan rediyon WDIA, da yadda Riley ya koma B.B.