Maganar xz da nauyin da aka bar wa mutum ɗaya

Har yau duk lokacin da gardama ta tashi kan ko buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, ta fi tsaro ko ta kamfani mai rufaffen kod, sai wani ya jawo labarin xz, kuma abin dariya kowane ɓangare gani yake labarin shi ya gaskata. Masu sukar Linux su ce to kun gani, kun bar kowa da kowa yana sa hannu a kod ga abin da ya jawo. 'Yan Linux kuma su ce ai da ba a buɗe yake ba da har yanzu ba a kama ba. Ni dai gaskiya duka biyun ba su ne suka fi damuna ba, abin da ya faru kafin a kama ɗin ne ya fi tsaya min a rai.

Ga wanda bai bi labarin ba, xz Utils wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil ya ragu, irin aikin zip dai, kuma da wuya ka samu kwamfutar Linux ko saba (kwamfutar da ke riƙe shafuka da bayanai a intanet) da ba ta ciki, ko ka sani ko ba ka sani ba. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne kuma yana cikin masu gina manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ya fito ya ce ya gano ɓoyayyar ƙofa, wato hanyar kutse da aka dasa da gangan, a cikin xz 5.6.0 da 5.6.1. Kuma fa ba binciken tsaro yake yi ba, gwajin saurin manhajarsa yake a kan fitowar gwaji ta Debian, wani nau'in Linux, sai ya lura sshd, wato abin da ake bi a shiga saba daga nesa, yana cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima kuma shigar tana ƙara jinkirin kusan rabin sakan. Rabin sakan! Da ni ne wallahi cewa zan yi netwok ne in wuce, shi kuwa sai ya bi diddigi har ya tono abin.

Yadda aka dasa ta ma abin mamaki ne. Mugun kod ɗin an ɓoye shi cikin fayilolin gwaji waɗanda dama ba rubutu ba ne da mutum zai karanta da ido, sannan abin da ke kunna shi lokacin haɗa manhajar ba ya cikin ma'ajiyar kod ta Git da kowa ke dubawa, sai a cikin dunƙulallen fayil ɗin da ake saki wa masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora su ɗauka. Idan ta shiga, wanda ke riƙe da wani makulli na sirri zai iya ba sabarka umarni ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. An ba ta lamba CVE-2024-3094 kuma aka auna haɗarinta 10 cikin 10. Allah ya taimaka ba ta kai ga manyan fitowar da kamfanoni ke amfani da su ba, ta tsaya a irin su Debian na gwaji, Fedora Rawhide, openSUSE Tumbleweed da Kali, har Ubuntu sai da suka ɗaga fitar da gwajin 24.04 da mako guda don su sake haɗa komai.

To wa ya dasa? Wani ne da ke kiran kansa Jia Tan, har yau ba a bayyana ko wane ne ba, ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya. Tun 2021 ya fara turo gyare-gyare masu kyau, ƙanana, babu abin zargi. Mai xz na asali, Lasse Collin, shekara da shekaru shi kaɗai yake ɗauke da aikin ba albashi. Sai a 2022 wasu sunaye da ba a taɓa ji ba suka fara matsa masa lamba, kullum ƙorafi, aiki ya tsaya, gyara ya daɗe ba a karɓa ba, in ba za ka iya ba ka miƙa wa wani. Mutumin har ya fito ya faɗa musu cewa yana fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana damunsa kuma su tuna wannan aikin sa kai ne ba biyansa ake ba, amma ba su sassauta ba. Ga kuma Jia Tan a gefe, mai haƙuri, mai taimako, kullum a shirye. Kai in kai ne wa za ka ba makulli? Haka aka yi ta tafiya har ya zama shi ma yana da ikon sakin sabuwar fitowa da kansa, sama da shekara 2 yana gina amana kafin ya yi abin da ya zo yi.

Shi ya sa nake cewa masu murnar an kama su ɗan rage murna. Akwai tsohuwar maganar da 'yan buɗaɗɗiyar manhaja ke alfahari da ita, wai idan idanu suka yi yawa a kan kod babu kuskuren da zai ɓuya. Ina idanun a nan? Mutum ɗaya ne ya gani, shi ma da sa'a. Eh, gaskiya ne don kod ɗin a buɗe yake shi ya sa Freund ya iya binsa har tushe, kuma cikin 'yan kwanaki masana daga ko'ina suka warware shi filla-filla, wannan kam ba za ka samu a rufaffen kod ba. Amma damar dubawa daban, samun wanda zai zauna ya duba daban. Abin ya zama kamar rijiyar unguwa, kowa na zuwa da gugansa har masu sayar da ruwa a kura, amma ranar yasa mutum ɗaya za ka gani a ciki.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2014 da aka gano matsalar tsaro mai suna Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin kaso mai yawa na shafukan intanet, sai aka ji cewa gudunmawar da suke samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. Aka yi ta kururuwa, Linux Foundation ta kafa asusu, manyan kamfanoni suka zuba kuɗi. Disamba 2021 sai ga wata babbar matsalar tsaro a manhajar Log4j, nan ma 'yan sa kai ne suka kwana suna gyara yayin da kamfanoni masu biliyoyi ke aiko musu da tambayar yaushe za ku gama. Jamus dai ta yi abin kirki da ta kafa Sovereign Tech Fund a 2022 tana biyan kuɗi kai tsaye don a kula da irin waɗannan manhajojin na tushe, amma ƙasa ɗaya nawa za ta ɗauka.

Wasu na cewa kuɗi ba zai hana irin Jia Tan ba, tunda mai niyyar cuta ko a kamfani sai ya nemi aiki ya shiga, kuma suna da gaskiya ta wani gefe. Sai dai mutumin da ake biya, yana da abokan aiki biyu ko uku da ke duba abin da kowa ya shigar, yana iya ɗaukar hutu, ba zai miƙa makulli don gajiya ba.

Ɗaya ɓarnar da ba a cika magana a kai ba ita ce ta amana. Bayan xz, ƙungiyoyin buɗaɗɗiyar manhaja biyu, OpenSSF da OpenJS, suka yi gargaɗi a Afrilu 2024 cewa sun ga irin wannan yunƙurin na neman a ba baƙo ragamar wani aiki, sai kowa ya fara kallon sabon zuwa da ido ɗaya. Wasu har suna cewa a daina karɓar kod daga wanda ba a san fuskarsa ba, ko sai an haɗu da shi a taro. To yaron da ke zaune a Kano ko Damagaram yana koyon kod da datar da ya saya da ƙyar, wanda ba shi da bizar zuwa FOSDEM, taron 'yan buɗaɗɗiyar manhaja a Brussels, yaya zai yi ya shiga? Ni wannan shawarar ban yarda da ita ba sam, abin da ya kamata a tsaurara shi ne duba kod ɗin da tabbatar da cewa abin da aka saki daidai yake da abin da ke Git, ba duba fasfo ba.

Yanzu ma ga wani sabon kaya an ƙara wa masu kula da manhajojin nan. Daniel Stenberg mai curl, manhajar aikawa da karɓar bayanai ta intanet, tun farkon 2024 ya fara kuka da rahotannin matsalar tsaro na ƙarya da mutane ke sa AI ya rubuta musu don neman ladan kuɗi, rubutu tsaf kamar gaske, sai ka ɓata awanni kana bincike ka tarar babu komai a ciki, kuma dole ka duba don ba ka san wanne ne zai zama na gaskiya ba. Mai turowa minti biyar ya kashe, mai dubawa kuma shi ne dai wannan ɗan sa kan da ke yin aikin da daddare bayan ya taso daga ofis.