Tsakanin filin unguwa da gidan kallon ƙwallo

Ƙwallon da na fara bugawa a Argungu ta tsumma ce, wadda muke cusa wa ledoji mu ɗaure da robar tayar keke, sa'annan mu jera takalmanmu a gefe biyu na fili su zama turakun raga. Sai da muka ɗan tasa ne muka yi karo-karo muka sayi ta fata, kuma ita ma ta sha zuwa wurin baduku da mai faci har ta kai ga ba a iya gane ainihin launinta. Lokacin wasanmu daga bayan sallar la'asar ne, idan an tashi daga makarantar allo, kuma da zarar ladan ya kira magariba wasa ya ƙare, ko da kuwa wani ya yanke mutum uku ya rage daga shi sai mai tsaron gida. Yanzu na haura shekara arba'in, ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma duk lokacin da na auna abin da ya amfane ni a zaman duniya sai in tarar cewa kaso mai yawa a wancan filin mai ƙura na tsince shi.

Sauƙin kayan wasan shi ne ya ba shi damar shiga kowane lungu na duniya. A birnin Landan aka rubuta dokokinsa a shekarar 1863, aka kafa hukumar FIFA a Faris a 1904, kuma ƙasashe 13 kacal ne suka buga gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay a 1930. A yau FIFA tana da mambobi 211, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya tana da 193. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo mana da shi, kuma lokacin da tawagar Nijeriya ta fara zuwa Ingila a 1949, yawancin 'yan wasanmu ba takalmi suka buga. Mu mutanen Kabi muna da abin alfaharinmu tun kafin zuwan tamaula, ga kokawa da dambe, ga bikin kamun kifi na kogin Matan Fada a Argungu wanda baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa. Sai dai a kokawa mutum ɗaya ne yake kayarwa ko a kayar da shi, kirari nasa ne, kunya ma tasa ce. Ƙwallo kuwa ta zo da wani abu dabam: mutum goma sha ɗaya su ɗauki nauyi guda, gwani ya dogara da wanda bai kai shi ba, kuma dukkansu su sallama wa wani mutum ɗaya mai busa usur.

Wannan sallamawar ita ce darasin da ya fi ba ni wuya. Ina ɗan shekara goma sha huɗu muka kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni da ake shiryawa a bikin babbar sallah, ni ne kuma ɗan baya na tsakiya. Ana kunnen doki, saura 'yan mintuna a tashi, sai aka yi bugun kusurwa ƙwallo ta dake ni a ƙirji, har na ga shatin ƙurarta a gaban rigata, amma alƙalin wasa ya busa ya ce hannu ne, ya ba da fenariti. Aka buga ta shiga, aka ɗauke kofin. Na fita daga fili ina kuka, na yi rantsuwa ba zan gaisa da kowa ba, sauran yara kuma har sun fara tsintar duwatsu. Kocinmu tela ne a kasuwa, mutum ne marar yawan magana wanda bai taɓa karɓar ko sisi a kan horar da mu ba. Ya riƙo ni a wuyan hannu ya ce, “Yaro, na ga abin da ka gani, ƙirji ta taɓa. Amma tun da muka shiga filin nan muka yarda cewa shi ne alƙali, kuma ba mu ce sai ranar da ya yi mana daidai ba. Wuce ka ba shi hannu.” Na ce, “Malam, ai zalunci ne.” Ya ce kuskure ne, kuma in har ban iya rarrabe kuskure da zalunci ba, to zan ƙare rayuwata ina faɗa da mutanen da ba su nufe ni da sharri ba.

Na je na miƙa hannun, raina a ɓace, sauran yaran kuma suka zubar da duwatsun suka biyo bayana. Har yau ban canja ra'ayi ba cewa ƙirjina ƙwallon ta taɓa, kuma ban ga dalilin da zai sa in canja ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne, mutum yana iya kasancewa da gaskiya kuma duk da haka ya zama wajibi a kansa ya bi hukuncin da aka yanke, domin idan kowane ɗan wasa zai zama alƙalin kansa, to ba za a ƙara buga wasa a garin ba. Na sha tuna wannan maganar a ɗakin malamai, a rabon gado, da kuma lokutan zaɓe.

A wannan shekarar ce, 1996, Nijeriya ta haɗu da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta. Cikin dare muka kalli wasan a ƙofar shagon wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya fito da talabijin ɗinsa waje ya ɗora a kan benci. Da aka tafi hutun rabin lokaci ana cin mu 3 da 1, mutane da dama suka kaɗe riga suka tafi barci. Waɗanda suka yi haƙuri sun ga Victor Ikpeba ya rage ɗaya, sun ga Nwankwo Kanu ya farke ana dab da tashi, sa'annan ya sake zura wadda ta kashe wasan a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Na ga wani dattijo mai rawani ya rungume mai shagon suna tsalle tare, babu wanda ya tsaya tambayar daga wane gari Kanu ya fito ko wane addini yake bi. Kwana uku bayan haka aka doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauki lambar zinariya, kuma a wannan karon babu wanda ya tashi kafin a busa tashi.

Labarin da ya fi taɓa zuciyata a tarihin ƙwallo na Zambiya ne. A watan Afrilun 1993 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan ƙasar zuwa Senegal ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville ta ƙasar Gabon, mutum 30 suka rasu, 18 daga cikinsu 'yan wasa ne. Kyaftin ɗinsu, Kalusha Bwalya, ya tsira ne saboda daga Turai zai taso ya iske su. A kansa aka sake gina sabuwar tawaga, kuma shekara guda bayan haka wannan tawagar ta kai wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka a Tunisiya, inda Nijeriya ta doke ta 2 da 1 da ƙwallaye biyun Emmanuel Amuneke. Mun yi murna a lokacin, ba tare da yawancinmu mun san irin makokin da mutanen da muka doke suke ciki ba. Sai a shekarar 2012 Zambiya ta ɗauki kofin a karon farko, kuma ikon Allah, a Libreville ɗin aka yi wasan ƙarshe, bayan 'yan wasan sun je bakin tekun sun ajiye furanni don tunawa da waɗanda suka rasu. Sun doke Kwaddibuwa 8 da 7 a bugun fenariti. Musulmi ba ya rasa abin da zai karanta a cikin wannan labari game da ƙaddara da haƙuri, kuma nakan ba ɗalibaina shi duk lokacin da wani ya faɗi jarrabawa ya ce ya bar karatu.

A cikin waɗanda aka doke a daren nan akwai Didier Drogba, wanda ya ɓarar da fenariti tun kafin a tashi. Shi ne mutumin da ya durƙusa tare da abokan wasansa a gaban kyamara a Sudan a 2005, bayan ƙasarsu ta sami gurbin zuwa kofin duniya, yana roƙon masu yaƙi da juna a Kwaddibuwa su ajiye makamai, kuma shi ya nemi a kai wasansu da Madagaska na 2007 birnin Bouake da ke hannun 'yan tawaye. Mutane kan ce ya tsayar da yaƙi, amma ni ina ganin an yi wa maganar ƙari, domin rikici ya sake ɓarkewa a ƙasar bayan zaɓen 2010. Abin da ƙwallo ta iya yi shi ne ta zaunar da abokan gaba a fili ɗaya na tsawon minti 90, sauran aikin kuwa na shugabanni ne da jama'a. Kuma wannan zafin son da ke haɗa mutane shi ne dai yake halaka su idan babu tarbiyya: an harbe Andres Escobar na Kolombiya a 1994 kwanaki kaɗan bayan ya ci gida a kofin duniya, sa'annan fiye da mutum 70 suka mutu a filin wasan Port Said na Masar a 2012.

Kowace al'umma takan shigo fili da halinta. Lokacin da Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na Katar a 2022, abin da ya fi yawo a wayoyin mutanen garinmu hotunan Achraf Hakimi ne yana sumbatar goshin mahaifiyarsa, da Sofiane Boufal yana rawa da tasa a tsakiyar fili, da 'yan wasan suna sujada. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa zama ta kalli wasa ba, da aka nuna mata sai ta ce waɗannan yaran za su ga albarka.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda muka koma 'yan kallo zalla. A unguwarmu akwai gidajen kallon ƙwallo da yawa, rumfunan kwano ne da bencina da janareta, kuma duk Asabar da Lahadi cike suke maƙil da matasa masu kallon gasar Firimiya ta Ingila. Ban ga laifin kallon ba, ni ma ina shiga, kuma sana'a ce da ke ciyar da iyalai. Sai dai yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid har da na benci, idan ka tambaye shi yaushe rabonsa da buga wasa na minti talatin, sai ya yi shiru. Mai kallo yana samun zafin wasan, amma ba ya samun tarbiyyarsa, domin bai taɓa gajiya ya ci gaba da gudu saboda abokinsa ba, bai taɓa miƙa wa wani ƙwallo alhali yana son ya ci da kansa ba, bai kuma taɓa ba da hannu ga wanda ya doke shi ba. Shi ya sa gardamar Chelsea da Manchester United kan kai abokai ga zagin iyaye, a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Ga kuma cacar ƙwallo ta shigo ta cikin waya, wadda addininmu ya haramta ƙarara, kuma na san ɗalibin da ya saka kuɗin rajistar jarrabawarsa a ciki suka tafi. Wanda ya saka kuɗi a wasa ba ya ƙara ganin kyawun wasan, lissafin asararsa kawai yake yi.

Alhali 'yan wasan da muke alfahari da su daga Arewa ba a benci suka koya ba. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994, haifaffen Kaduna ne, haka ma Garba Lawal da Tijjani Babangida. Ahmed Musa ya bi ta Kano Pillars kafin ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya kuma zura wa Iceland biyu a 2018, Shehu Abdullahi kuwa ɗan Sakkwato ne, maƙwabcinmu. A nan Kabi muna da filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kabi, amma babban fili ɗaya ba ya renon yara, ƙananan filayen unguwa ne ke wannan aikin, su ne kuma suke ɓacewa. Filin da aka busa mini wancan fenaritin an yanka shi fuloti-fuloti tun da daɗewa, yanzu jerin shaguna ne a wurin.

A bara ni da wasu iyaye uku muka nemi izinin amfani da filin wata makarantar firamare da yamma, muka share ƙaya da duwatsu, wani mai walda ya haɗa mana turaku a kan farashin ƙarfe kawai. Yara kusan talatin ne ke zuwa yanzu, sharaɗinmu kuma biyu ne: sai wanda ya je makaranta a ranar, kuma ana tashi da kiran magariba. Kocinmu tela ya rasu shekaru da suka wuce, Allah Ya jiƙansa da rahama, saboda haka usur ya dawo hannuna. A makon jiya na busa satar gida a kan wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya zo gabana idanunsa sun cika da hawaye yana cewa, “Wallahi Malam ban wuce shi ba.” Daga inda nake tsaye ban ga layin sosai ba, kuma yana yiwuwa shi ne da gaskiya. Na faɗa masa haka a gaban kowa, na kuma ce hukuncin yana nan. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa, sa'annan ya ɗauki ƙwallon ya kai wa ɗan bayan ɗaya ɓangaren, ya koma wurinsa.