Ta hannun wa takobin ya biyo?

A karatun adana kayan tarihi, tambayar da malamai suka fi nanata mana ita ce: wannan kaya ta hannun wa da wa ya biyo? Kayan sarautar ƙasar Polan ne suka sa na gane nauyin tambayar.

A fadar Wawel da ke birnin Krakow akwai takobin da ake kira Szczerbiec. Da shi aka riƙa naɗa sarakunan ƙasar daga 1320 har zuwa 1764. Labarin da ake bayarwa shi ne Sarki Boleslaw ya sari ƙofar zinare ta birnin Kyiv da shi a 1018. Labari mai daɗin ji, sai dai masana sun nuna cewa a lokacin ba a gina ƙofar ba, shi ma takobin ba a ƙera shi ba sai bayan fiye da shekara ɗari. Tarihinsa na gaskiya kuwa ya fi taɓa zuciyata. Sojojin Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, sun kwashe taskar fadar a 1795, shekarar da maƙwabta suka gama rabe ƙasar, daga baya aka narke rawunan zinaren sarauta. Takobin ya tsira, ya yi ta sauya hannu har ya shiga gidan tarihin Hermitage a Rasha a 1884. An maido da shi a 1928, yaƙin duniya na biyu ya sa aka gudu da shi Kanada, bai dawo gida ba sai 1959.

Kayan doki sun fi wuyar sha'ani. Za ka ga sirdi da likkafa da linzami sun sha azurfa da duwatsu, aikin sak na Turkawa, ka ce ganima ce daga yaƙin Vienna na 1683, inda Sarkin Polan Jan Sobieski ya karya rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa. Wasu kam ganimar ce, kamar tantunan Turkawa da ke Wawel. Amma manyan Polan suna son adon abokan gabarsu ƙwarai, suna saye, kuma maƙeran Armeniya mazauna birnin Lviv suna ƙera musu irinsa.

Shi ya sa yanzu, kafin in rubuta bayanin kaya, nakan fara da tambarin maƙeri da tsofaffin littattafan ajiya. Idan takarda ba ta ce ganima ba, ni ma ba na rubuta ganima.