Yinin da muka ɗauki shatar mota zuwa Agra

Jinya ce ta kai mu Indiya. An yi wa Kawu, yayan mahaifiyata, aikin gwiwa a wani asibiti da ke Delhi, ni ne ɗan jinya. Da ƙafa ta fara ɗaukarsa likita ya ce ya riƙa takawa, kuma da sauran lokaci kafin a sake duba shi a sallame mu. Mutumin da ya saba wuni a kasuwa cikin jama'a, sai zaman ɗaki ya ishe shi. Ran nan muna shan shayi ya ce, "Kai, wannan farin ginin da suke nunawa a finafinansu, da nisa ne?"

Taj Mahal yake nufi, hubbaren da sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz Mahal a garin Agra. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke kai mutum Agra cikin ƙasa da awa biyu, amma wanda ya taɓa ganin tashar jirgin Delhi ba zai kai dattijo mai dogara sanda can ba. Ga matakala, ga turereniya. Saboda haka na nemi shatar mota. Wannan sana'a ce babba a Delhi: kamfani ya ba ka mota da direba, a ɗauke ka a ƙofar masauki da asuba, ɗan jagora ya tarye ka a Agra, a dawo da kai da dare. Kafin na biya sai da na sa aka rubuta mini abin da kuɗin ya ƙunsa, domin wasu farashinsu na da sauƙi a baki, sai an hau hanya a ce kuɗin shingen hanya naka ne, na ajiye mota naka ne, tikitin shiga ma naka ne. Wani abin da ya kamata mai niyya ya sani shi ne ba a buɗe Taj Mahal ga baƙi ranar Juma'a. Ranar ta masallata ce.

Muna idar da sallar asuba direba ya iso. Bahinde ne, ba ya cin nama, Turancinsa bai wuce na lissafi da gaisuwa ba, ga ɗan gunki a manne a gaban motar an rataya masa furanni. Kawu ya kalli gunkin, ya kalle ni, ya karanta addu'ar hawa abin hawa da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya saba. Daga nan ba wanda ya takura wa wani har muka dawo.

Bayan an fita Noida, garin da ke gefen Delhi, sai a hau babbar hanyar Yamuna, wadda aka buɗe a 2012, tsawonta kilomita 165, shimfiɗe ɗoɗar har Agra. Lokacin sanyi ne, hazo ya kwanta a gonaki, direba ya rage gudu ya kunna fitilu. Da rana ta ɗaga muka fara ganin gonakin alkama da na dankali, da dogayen bututun hayaƙi na masu gasa bulo, da kashin shanu da aka mulmula aka jera a rana don girki. Kawu manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, gonakin sun fi komai ɗaukar hankalinsa. Ya ce ƙasar da ake noma ta rani da damina ba ta da dalilin yunwa. Mun tsaya sau ɗaya a wani wurin cin abinci na bakin hanya, aka kawo mana shayi mai madara da citta, sai muka wuce. Wajen awa uku da rabi muka yi.

Ɗan jagoran yana jiranmu a bakin gari, matashi Musulmi, da katin izininsa rataye a wuya. Ya yi mana sallama, ya shiga gaba, tun kafin ya rufe ƙofa ya fara karatu. Na ce karatu domin haddace abin ya yi: soyayya, hawaye, sarkin da gashinsa ya yi fari don baƙin ciki. Ya kuma zayyana mana tsarin yinin, wanda a ciki har da "ziyarar masu sana'ar gargajiya". Na riƙe wannan a raina.

Ba a barin mota mai hayaƙi ta matso kusa da ginin. Ana ajiye ta da ɗan nisa, a ƙarasa da ƙafa ko a 'yar mota mai batir, saboda hayaƙi na sa farin dutsen ya yi rawaya. Tun 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci masana'antun yankin da ke ƙona gawayin kwal su sauya makamashi ko su tashi. Duk da haka sai an riƙa shafa wa bangon wata irin laka, a bari ta bushe ta tsotse dauɗa, a wanke. Tikitin baƙo a lokacin rupi 1,100 ne, da ƙarin 200 ga mai son hawa hubbaren kansa, alhali ɗan ƙasa rupi 50 yake biya a ƙofa. A kan kuɗin an ba mu gorar ruwa da 'yar rigar takalmi. An caje mu, an hana Kawu shiga da goronsa, abin da bai yafe ba har yau.

A babbar ƙofa ce tafiyar ta sauya salo. Ƙofa ce ta jan dutse, doguwa, an zagaye bakinta da rubutun Larabci baƙi a kan fari. Ɗan jagora yana ta jan mu mu zo mu tsaya inda ake ɗaukar hoto, ta cikin duhun ƙofar ana hango farar ƙubba. Kawu kuwa ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya gyara tabarau, leɓensa na motsi. Can ya ce, "Wal-Fajri ce." Ya bi ta da sandarsa a iska daga dama, ta hau, ta gicciya, ta sauko hagu, har ya kai ayoyin ƙarshe, inda ake kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa, ya shiga cikin bayinSa, ya shiga AljannarSa. Jama'a na ta ratsa mu, Turawa da 'yan Japan da Indiyawa cikin sari kala-kala, mafi yawansu rubutun ado ne kawai a wurinsu. Tsohon da ya yi karatun allo a zaure shekaru sittin da suka wuce shi ne yake karanta abin da mai ginin ya rubuta wa masu shigowa.

Ɗan jagoran, don Allah, da ya ga haka ya ajiye haddarsa. Ya nuna mana yadda baƙaƙen ba fenti ba ne, an sassaƙe farin dutsen ne aka dasa baƙin dutse a ciki, harafi bayan harafi. Ya ce marubucin mutumin Shiraz ne ta ƙasar Farisa, Abdul Haƙ, wanda sarki ya yi wa laƙabi da Amanat Khan, kuma ya sa hannunsa a cikin ginin. Daga nan hirar tasu ta koma ta malami da ɗalibi, ni ina tafinta. Yasin ce ta kewaye manyan bakunan hubbaren huɗu, Tabaraka na ciki. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san surorin nan da lokacin da ake jan su.

Ni a ganina nan ne labarin soyayyar da ake sayar wa baƙi ya gaza. Ba ƙarya ba ne. Mumtaz Mahal ta rasu a 1631 a Burhanpur wajen haihuwarta ta goma sha huɗu, tana tare da mijinta Shah Jahan a fagen yaƙi, kuma a shekarar da ta biyo aka fara ginin, aka ɗauki kimanin shekara ashirin da biyu kafin a kammala shi da harabarsa a 1653. Ana cewa ma'aikata wajen dubu ashirin ne suka yi aikin, farin dutsen kuma daga Makrana ta Rajasthan aka jawo shi, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Amma wanda ya iya karanta bangon zai ga maganar mutuwa da hisabi da Aljanna ce daga ƙofa har kabari. Lambun ma da aka raba huɗu da magudanan ruwa, kwaikwayon ƙoramun Aljanna ne. Ga kuma sarki yana nuna wa duniya iyakar abin da dukiyarsa za ta iya.

Mun taka a hankali har gindin dandamalin, muka sa rigar takalmi, na riƙe Kawu muka hau matakala ɗaya-ɗaya. Daga nesa ginin fari ne fat. Da ka matso sai ka ga jikinsa cike da furanni, kowane fure an haɗa shi da ƙananan duwatsu masu launi, ja da kore da shuɗi, an dasa su a cikin farin har ba ka jin gaɓa idan ka shafa. A ciki akwai duhu, ba a ɗaukar hoto, masu gadi na busa usur suna kora mutane gaba. Ɗan jagora ya ɗora 'yar tocila a kan wani jan fure, sai dutsen ya kama haske har cikinsa kamar garwashi. Kabarin Mumtaz na tsakiya daidai ƙarƙashin ƙubba, na mijinta a gefe, ya ɗan fi girma, shi kaɗai ne abin da ya karya daidaiton ginin. Waɗannan ma alama ce, gawarwakin na wani ɗaki a ƙasa. Kawu ya yi musu sallama irin ta maƙabarta, ya yi addu'a gajeriya, usur ya tashe mu.

A waje, muna zaune a inuwar masallacin jan dutse da ke yamma da hubbaren, muna kallon kogin Yamuna da ya ja baya ya bar yashi da shara, ɗan jagora ya kawo zancen da na san zai zo: wai sarki ya sa an yanke hannuwan magina don kada su sake gina irinsa. Na tambaye shi a wane littafi aka rubuta. Ya yi dariya ya ce baƙi na son ji. Babu wata shaida a tarihi da ta tabbatar da wannan, haka ma labarin baƙin Taj da aka ce sarkin ya so ginawa a tsallaken kogi. Hasumiyoyin huɗu kam da gaske sun ɗan karkata waje.

Kawu bai ce komai ba sai da ya huta. Sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau, ba a magana. Amma ɗana, mu da ake rufe mu da itace da ƙasa, a yayyafa ruwa a watse, ba mu yi asara ba." Ɗan jagora ya ce ai ɗan sarkin ma ra'ayinsa ke nan. Aurangzeb, wanda ya rasu a 1707, kabarinsa na Khuldabad, ƙasa ce a buɗe ba ƙubba, kuma an ruwaito ya yi wasiyya a yi masa jana'iza da kuɗin hulunan da ya ɗinka da hannunsa. Kawu ya gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi. Sai na tuna masa cewa wannan mai tawali'un shi ne ya kashe 'yan'uwansa a rigimar gadon sarauta, ya tsare mahaifinsa. Ya ce, "To, mulki ke nan."

Inda aka tsare uban muka nufa daga nan, wato fadar Agra, tafiyar 'yan mintuna a mota. Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara gina ta a 1565 da jan dutse, ganuwa ce mai kauri da ta kewaye gari guda, har yanzu wani sashe na hannun sojojin Indiya. Hanyar shiga gangare ce mai hawa, ta wahalar da Kawu, don haka muka bar yawancin zaurukan muka tafi kai tsaye hasumiyar Musamman Burj. A wannan ɓangare Shah Jahan ya yi shekara takwas a tsare, daga 1658 har ya rasu a 1666, 'yarsa Jahanara na kula da shi. Daga barandun wajen ana hango Taj Mahal a gaɓar kogi, ƙarami cikin hazo.

Da muka fito azahar ta yi, yunwa ta taso, sai ga maganar "masu sana'ar gargajiya". Shago ne. A bakin ƙofa mutum biyu na zaune suna goga duwatsu a kan faifai, ana ce maka jikokin maginan Taj ne, a ciki kuwa ga sanyin na'ura, ga shayi kyauta, ga faranti da teburan farin dutse da farashin da zai sa ka zufa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa direba da ɗan jagora na da kamasho a duk abin da baƙo ya saya, shi ya sa wasu kamfanonin ke karya kuɗin shatar. Ban ga laifin mai neman abinci ba. Abin da ke ciwo shi ne lokaci: a hanzarta ka a wurin da ka biya kuɗi ka zo gani, a zaunar da kai awa guda a inda ba ka nema ba. Sai dai sun haɗu da ɗan kasuwa. Kawu ya sha shayinsu, ya juya wani faranti, ya tambayi kuɗi, ya taya kashi ɗaya cikin goma, ya miƙe ya ce a kai shi masallaci.

Babban masallacin Juma'a na Agra, wanda aka gina a 1648 da sunan Jahanara, yana cikin tsohuwar kasuwa, inda motarmu ba za ta kutsa ba. Muka bar ta muka hau A Daidaita Sahu, a ƙasar da ake ƙera ta. Ba ya cikin tsarin kamfani, direba ya ɗan ɓata rai, na ce zan ƙara masa wani abu. A nan babu tikiti babu layi, sai tattabaru da yara 'yan makaranta da tsofaffi na alwala a bakin tafki. Muka yi ƙasaru muka haɗa azahar da la'asar. Wani dattijo ya tambayi daga ina, da muka ce Nijeriya ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. A bayan masallacin muka ci shinkafa da naman rago mai yaji, direba kuma ya tafi nasa wurin.

An so a ƙara mana Fatehpur Sikri, birnin da Akbar ya gina ya kuma bari, kusan kilomita arba'in daga Agra. Kamfanoni na son cusa wurare uku ko huɗu a yini ɗaya don tallar ta yi armashi. Na dubi gwiwar Kawu da ta fara kumbura na ce a'a. Na sallami ɗan jagora da abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya roƙi Kawu ya sa masa albarka. A bakin gari direba ya tsaya muka sayi petha, alewar da aka san Agra da ita, wadda ake dafawa da wani irin kabewa da sukari.

Komowa ta fi zuwa tsawo. Mun shigo Noida daidai lokacin tashi daga aiki, muka yi fiye da awa guda muna rarrafe cikin hon da hayaƙi. Kawu ya miƙe ƙafarsa a kujerar baya yana ta lissafin abin da farantin nan zai yi a Kano in an saro shi a inda ake yin sa. Sai bayan isha muka isa masauki, na nemo ƙanƙara na ɗaura masa a gwiwa, domin da safe akwai masu gashin ƙashi.