Injin kaset ya daina kai-da-komo, na kuma maido da fayiloli ba tare da kundi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon aikin ajiyar bayanai. Ga inda aka kwana a ɗan ɗakin gwajina na nan Kano.

Kayan aiki ba su canza ba. Tsohuwar kwamfuta mai Debian ita ce sabar ajiya, manhajar ajiyar bayanai ta Bacula ke tafiyar da aiki, rumbun bayanai na PostgreSQL ke riƙe da kundin abin da aka ajiye, sai injin kaset na LTO-5 (tsara ta biyar ta kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO) ɗan gwanjo da ke haɗe ta katin SAS. Wanda bai sayi kati ba tukuna ya nemi HBA zalla, wato katin da haɗa na'ura da kwamfuta kawai yake yi, domin katunan RAID masu haɗa diski da yawa wuri guda galibi ba sa shiri da injin kaset, wasu ma ko nuna shi ba sa yi. Idan kun buga lsscsi -g kuka ga injin da sunan kamfanin da ya ƙera shi, kun tsallake wannan mataki.

Wasu sun tambaye ni me ya sa nake wahala da injin da ya fito tun 2010. Saboda shi aljihuna ya iya ɗauka, kuma darasin ɗaya ne. Kaset ɗin LTO-5 yana cin terabait 1.5, inji yana rubutu da gudun megabait 140 a daƙiƙa. Manyan ma'aikatu sun koma LTO-8 na 2017 mai terabait 12 da LTO-9 na 2021 mai terabait 18, amma halin injin bai sake ba, sai ma ƙara tsanani da ya yi. Abin da za ku riƙe kafin sayen kaset shi ne: har zuwa LTO-7, inji yana karanta kaset na tsara biyu baya, yana rubutu a na tsara ɗaya baya. A LTO-8 da LTO-9 aka rage ya koma tsara ɗaya kawai. Wato nawa yana rubutu a LTO-4, yana karanta LTO-3, ba ya taɓa LTO-6.

To, babban abin da ya cinye mini wannan zango shi ne sautin injin. Idan ana gwaji da btape, manhajar Bacula ta gwada injin kaset, ƙara ɗaya yake yi, mai santsi, daga farko har ƙarshe. Amma da zarar aikin dare ya fara kwaso fayiloli daga sauran kwamfutoci, sai ka ji ya taso, ya tsaya, ya ja baya, ya sake tasowa. Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka haka yake aiki. Ba haka ba ne, kuma barinsa a haka ɓarna ce.

Zaren kaset na LTO-5 tsawonsa mita 846 ne, kuma ba sau ɗaya yake wucewa a gaban kan rubutu ba, wato sashen injin da ke rubutu a jikin zare. Layuka 1,280 ne a jikinsa, kan yana rubuta 16 a tafiya guda, don haka sai zare ya yi tafiya 80, zuwa da dawowa, kafin kaset ya cika. Duk wannan yana so ne a yi shi a guje ba tsayawa. Inji yana iya rage gudu idan bayanai sun ragu, amma ragin yana da iyaka, wajen kashi ɗaya cikin uku na cikakken gudunsa. Idan abin da ke shigowa ya gaza haka, ma'ajiyar cikinsa ta ƙare, dole ya taka birki. Kuma ba zai ci gaba daga inda ya tsaya ba sai ya ja zaren baya, ya sake ɗaukar gudu, ya iso daidai wurin. Kowane irin wannan juyi gogar kai ne da zare a banza. Kamar injin niƙa ne da aka bari yana juyawa ba a zuba masa hatsi: haƙoransa ke cin juna.

Da na zauna da lissafi sai na ga ba yadda za a yi hanyar sadarwata ta ciyar da shi. Waya mai gigabit ɗaya ƙarshen abin da za ta iya kawowa megabait 125 ne a daƙiƙa, a takarda ma ke nan, ga shi inji na neman 140. Sannan akwai matse bayanai da injin ke yi da kansa. Idan abin da ake aikowa rubutu ne da ke matsuwa ya koma rabi, to kafin zare ya yi cikakken gudu sai an kawo 280. Wannan ya ba ni mamaki da farko, cewa bayanai masu sauƙin matsewa su ne suka fi sa inji yunwa. Uwa uba ƙananan fayiloli: babbar jaka mai dubban takardu da hotuna ƙanana, diski na nemo su ɗaya bayan ɗaya, gudu ya faɗi ƙasa warwas.

Maganin a Bacula shi ne a tara bayanai a diski na kusa kafin a miƙa wa kaset. A cikin bayanin aikin na sa Spool Data = yes, a bayanin na'ura kuma na nuna Spool Directory a kan SSD, wato diski mai sauri, da na ware don wannan kaɗai, na ba shi Maximum Spool Size mai faɗi. Yanzu bayanai na shigowa da duk gudun da suka ga dama, suna taruwa, in wurin ya cika a kwarara su cikin kaset gaba ɗaya. Ku sani fa, aiki ɗaya ba ya tarawa yana juyewa a lokaci guda. Yayin da yake juyewa kwamfutar da ake kwasowa tana jira. Saboda haka jimillar lokacin aikin na iya ƙaruwa. Ni na yarda da wannan ciniki, gara dare ya yi tsawo da kan inji ya cinye. Idan ayyukanku da yawa ne, ku bar su su gudana tare, wani na tarawa wani na juyewa.

Sai wasu lambobi biyu. Girman tubali, wato dunƙulen bayanan da Bacula ke rubutawa a kaset a tashi ɗaya, idan ba a taɓa shi ba bait 64,512 ne, ya yi wa injin zamani kaɗan. Na ɗaga Maximum Block Size zuwa 262144. Haka Maximum File Size, wanda asalinsa gigabait 1 ne: duk bayan gigabait ɗaya sai an sa alamar ƙarshen fayil a zare, kuma wannan na sa inji ya ɗan dakata. Na ƙara shi sosai. Bayan waɗannan, sautin aikin dare ya koma irin na btape.

Don Allah duk wanda ya canza girman tubali ya rubuta lambar a takarda ya ajiye tare da kaset ɗin. Ranar da aka sake gina saba daga tushe da saitin asali, Bacula zai kasa karanta kaset da aka rubuta da manyan tubala, mutum ya ɗauka kaset ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Wannan ne ya kai ni ga gwajin da na fi jin daɗinsa. Rahoton Bacula na cewa aiki ya kammala lafiya, amma ni abin da nake so in sani shi ne: in sabar ta ƙone yau, abin da ya rage a hannuna kaset ne kawai, me zan iya maidowa? Kundin PostgreSQL shi ne ya san wane fayil ke wane kaset, a wane wuri. Ba shi, kaset ɗin zare ne mai tsawo da ba ka san inda za ka fara ba. Sai na ɗauko wani diski, na sa Debian sabo, na sa Bacula, na ƙi kwafo komai daga tsohon sai fayilolin saiti da fayil ɗin .bsr na aikin BackupCatalog, mai kwafe kundin zuwa kaset.

Wannan ɗan fayil na .bsr, wanda saitin Write Bootstrap ke samarwa, rubutu ne layi kaɗan, amma shi ne ke gaya wa bextract, manhajar da ke ciro fayil kai tsaye daga kaset, sunan kaset da wurin da kwafin kundin yake. Na tsayar da bacula-sd, sashen Bacula da ke kula da injin kaset, tukuna, domin in yana riƙe da injin sauran kayan aikin za su ce na'ura na cikin aiki. Na ba bextract fayil ɗin, ya zarce wurin, ya fito da kwafin kundi, na loda shi cikin PostgreSQL, na tada komai, na buga restore a bconsole, inda ake ba Bacula umarni. Jakunkuna suka bayyana yadda na san su. Na maido da wasu, na gwada su a kan na asali da sha256sum, mai nuna ko fayiloli biyu daidai suke, suka yi daidai. Gaskiya na yi farin ciki ƙwarai.

Na kuma gwada hanya mai wuya, wato a ce ko .bsr ɗin babu. Nan bscan ke shiga: yana karanta kaset daga farko har ƙarshe yana sake gina kundi. Yana aiki, amma ku yi lissafi: terabait 1.5 a gudun 140 kusan awa uku ne, kaset ɗaya ke nan. Ma'aikatar da ke da kaset ɗari biyu fa? Shi ya sa yanzu duk daren da aka kwafe kundi, .bsr ɗin na tafiya wata kwamfuta dabam ta imel.

A nan ne ma na fahimci File Retention da kyau, wato tsawon lokacin da sunayen fayiloli ke zama a kundi. Asalinsa kwana 60 ne. Idan ya wuce, Bacula na share sunayen fayiloli daga kundi don kada ya kumbura, amma bayanan na nan a kaset ba abin da ya same su. Abin da ka rasa shi ne damar shiga ka zaɓi fayil ɗaya cikin sauƙi. Wanda zai yi aiki a inda ake zuwa neman takardar bara ya duba wannan lamba tun kafin a zo nema.

Masu gwada umarnin tar na rubuta fayiloli da mt na sarrafa zare da hannu, ku lura da sunan na'ura. /dev/st0 na mayar da zare farko duk lokacin da aka rufe shi, don haka rubutu na biyu zai hau kan na farko. /dev/nst0 ake so. Bacula ma shi ake ba, kuma ya fi kyau a ɗauko sunan daga /dev/tape/by-id don kada lamba ta canza bayan an sake kunna kwamfuta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan musamman. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, Bacula kan tarar adadin fayilolin da ke kaset bai yi daidai da na kundi ba, sai ya sa wa kaset alamar Error ya ƙi ƙara rubutu a kai. Abin da aka riga aka rubuta yana karantuwa, amma ragowar wurin ya tafi har sai an gyara. Inji da saba duka a kan inbata suke yanzu. Ƙurar hunturu ma abin tsoro ce. Ba na barin kaset a waje da kwalinsa na roba ko a cikin inji bayan aiki. Masu ƙera kaset na so a yi doguwar ajiya tsakanin digiri 16 da 25, da danshi kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40. Ɗaki mafi sanyi a gida na ba su, cikin akwati nesa da taga. Kaset da ya sha rana a mota kuma sai ya kwana ya huce kafin ya shiga inji. Kaset ɗin goge kai ba na sa shi sai inji ya nema da fitilarsa ko tapeinfo ya nuna alamar TapeAlert ta 20, domin shi ma goga ne, kuma wajen sau 50 yake yi ya ƙare. Kada kuma wani ya ce zai share kaset na LTO da maganaɗisu: akwai layukan jagora da aka rubuta tun daga masana'anta, in sun goge kaset ya mutu.

Abin da ke gabana yanzu shi ne injin da ke canza kaset da kansa. Ba ni da kuɗinsa, don haka zan sa mhvtl, manhajar da ke kwaikwayon ɗakin kaset a Linux, in koyi mtx da mtx-changer, masu sarrafa canjin kaset, da lakabin lambar kaset a kanta. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa haɗa mhvtl da Bacula a Debian na yanzu, ina son sanin ko sashen kernel ɗinta ya ginu masa kai tsaye ko sai da ya yi gyara.