Labarin annoba da kasuwar hannun jari: tsoron wa ke motsa kuɗi?

Duk wanda ya san Alhazan Maradi ya san ba sai fari ya tabbata ba kuɗin gero ke tashi, raɗe-raɗi kawai ya isa, kafin ka ankara an kulle sito. To haka masu zuba jari suke da labarin annoba, su ba sa jiran likita ya gama bincike, da an ce cuta ta ɓulla kowa sai ya fara tunanin wane kamfani ne zai sayar da magani ko rigakafi, a ruga a sayi hannun jarinsa, na jiragen sama da otal kuma a zubar.

Ku dubi Moderna, kamfanin Amurka mai yin rigakafin korona. Farkon 2020 kuɗin hannun jarinta guda ɗaya wajen dalar Amurka 20 ne, kuma a lokacin ko magani ɗaya ba ta da shi a kasuwa fa. Korona ta zo, zuwa watan Agusta 2021 ya haura 450. Da tsoro ya kwanta mutane suka rage zuwa allura, ƙarshen 2024 ko 50 bai kai ba, waɗanda suka shiga a makare wallahi sun ji jiki. Ranar 26 ga Nuwamba 2021 bayan an ji labarin Omicron, sabon nau'in korona, daga Afirka ta Kudu, kasuwar New York ta faɗi warwas amma Moderna ta tashi kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali babu wanda ya gama sanin ƙarfin sabon nau'in tukuna. A Agustan 2024 ma da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana ƙyandar biri a matsayin lamarin gaggawa, hannun jarin kamfanin Bavarian Nordic na ƙasar Denmark mai yin rigakafinta ya yi sama nan take.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba yawan mutuwa ke motsa kuɗin nan ba, aljihun wanda ya tsorata ne. A 2018 amai da gudawa ta ɓarke a Madarunfa ta jihar Maradi, nan kusa da mu, dubban mutane suka kamu, iyaye na ɗauko yara a bayan kabu-kabu wasu a amalanke zuwa asibiti, yaro ya bushe idanu sun faɗa ana neman jijiyar da za a ɗaura masa ruwa. Wace kasuwa ce ta girgiza? Babu. Saboda mai zuba jari ya san talakan ƙauye ba shi da abin biya, sai dai gwamnati da ƙungiyoyi su sayi rigakafin a farashi mai rahusa, riba kaɗan ke nan. Shi ya sa masu yin rigakafin kwalara ba su da yawa, har a watan Oktoba 2022 aka koma ba mutum sau ɗaya maimakon sau biyu don ƙarancinsa, ga shi kamfani guda na Koriya ta Kudu, EuBiologics, aka bari da kusan duk nauyin.

Ni ban ce riba haramun ba ce, kuɗin masu jari ya taimaka rigakafin korona ya fito cikin shekara guda. Amma cutukanmu sai an bi wata hanya. Rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina a 2010, tallafi aka haɗa aka daidaita da kamfanin Serum Institute na Indiya tun farko cewa kowace allura ba za ta wuce rabin dalar Amurka ba, kuma tun daga nan sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa a yankinmu.